Yadda Na Nutsar da Ƙwan Jikata

Ko da zan manta ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban malamai da iyayen yara, na ɗaga hannuwa sama na ce "Halleluya!" alhali jikata tana tsaye a gaban tebur tana kuka. Har yau idan hanya ta bi da ni ta bakin makarantar nan sai in ja ɗankwali in yi kamar ina duban wani abu a ƙasa.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba. A zamaninmu maza aka tura, mu aka ba mu fartanya. Amma ban taɓa ɗaukar kaina marar sani ba, ko kaɗan. A unguwarmu, nan gefen Madakiya, rabin waɗanda ke yawo da gemu yau ni na karɓi haihuwarsu. Idan yarinya ta fara canja tafiya ni nake fara gani kafin uwarta. Idan aka taɓa min tukunya, ko murfi aka juya, zan sani. Mutane suna cewa ina da tsanani. Ni kuwa ina cewa ina da ido. (Godiya ce ke riƙe da biro yanzu, tana ta murmushi. Rubuta yadda na faɗa, ban ce ki gyara ba.)

Godiya 'yar 'yata ce. Uwarta tana aiki a Abuja, ta bar min ita tun tana 'yar shekara huɗu, ta ce, "Mama, ga amana." Lokacin da abin nan ya faru tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Wata rana ta dawo tana tsalle kamar ɗan akuya, ta ce malaminsu na kimiyya zai zaɓi yara biyu da za su je gasa Kaduna, kuma za a yi zaɓen ne ranar taron iyaye, kowane yaro ya nuna abin da ya shirya a gaban jama'a. Yarinyar da iyakar tafiyarta kasuwar Kafanchan! Tun daga ranar ba ta da magana sai Kaduna. Tana wanke-wanke Kaduna, tana shara Kaduna. Na ce, "Allah ya ba da sa'a," na ci gaba da tsinke ganyen yakuwata.

Malamin kuwa na san shi. Bitrus ne, ɗan marigayiya Hannatu. Da hannun nan nawa na yanke masa cibiya.

To, daga nan kaya suka fara ɓacewa a gidana. Da farko gishiri. Na sayo rabin mudu ranar kasuwa, kafin Lahadi ya yi ƙasa kamar ana dafa wa masu gayya abinci. Sai ƙwai biyu daga ƙarƙashin baƙar kazata. Sai guntun kyandir. Sai allurata. Sai ƙusoshi uku da na cusa a jikin bango tun mai gidana yana da rai. Gawayi, totuwar masara, ɗan man kaɗanya a murfin kwalba. Ba kayan da ɓarawo zai ɗauka ba ne, ba kuma kayan da yaro mai jin yunwa zai ɗauka ba. Na zauna na jera su a kaina: ƙwai, gishiri, allura, kyandir. Duk macen da ta girma a ƙasarmu ta san inda ake kai irin waɗannan kaya tare, kuma ba majami'a ba ne.

Ranar Asabar hadari ya kore ni daga gonar citta da wuri. Na shigo gida ba motsi (ina da wannan tafiyar, yara sun sha wahalarta), na hango ta a bayan rumbu ta durƙusa. Na laɓe. Gabanta kofunan gilashi biyu, ta cika su da ruwa daga gorunan roba biyu. Ruwan iri ɗaya ne, da idona na gani, fari tas. Ta saka ƙwai a kofi na farko, ya nutse. Ta ciro shi, ƙwan nan dai, ba wani ba, ta saka a na biyu. Sai ya taso. Ya tsaya a sama yana lilo.

Jama'a, ni na san ƙwai. Ƙwan da ya taso a ruwa ya lalace ne, shi ya sa muke gwada na kasuwa. Amma ƙwai ɗaya ya zama mai kyau a hannun dama, ya zama bara-gurbi a hannun hagu? Ban gama da wannan ba sai ta kwance wani tsumma ta fito da wani guntun ƙarfe, rabi ja rabi shuɗi. Ta ajiye allurata a kan takarda, ta matso da abin. Allurar ta yi tsalle da kanta. Ba iska, ba zare. Ta matso da shi kusa da gawayi, gawayi bai kula ba. Ta ɗauki littafi ta ja wata alama. Ƙusa ta yi tsalle, ta ja alama. Totuwa ta ƙi, ta ja wata alama daban, mai kama da gicciyen da ya karkace.

Na fito na ce, "Godiya, me kike yi?"

"Aikin makaranta ne, Kaka. Siffofin abubuwa muke koya. Wanne ke nutsewa, wanne ke narkewa, wanne ke..." Daga nan ta zarce da Turanci, tana nuna kofi, tana nuna ƙwai, fuskarta har haske take yi.

Nan ne fa na yi kuskuren farko. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Da na ce, "Sake faɗa da Hausa," da an gama. Amma ni, da nake koya wa matan unguwa yadda ake wankan jego, in tsaya yarinyar da na yaye tana yi min bayani sau biyu? Sai na ce, "Hmm." Na tambayi wanda ya ba ta ƙarfen. Ta ce Malam Bitrus ne ya ara mata, shi kaɗai ne makarantar ke da shi, ya ce ta riƙe shi kamar ranta.

Kamar ranta! Na sake cewa, "Hmm."

Washegari bayan sujada na ja Saratu gefe. Saratu ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ce kuma mai jan addu'a a Zumuntar Mata. Ita ma karatunta bai wuce nawa ba, sai dai ta iya riƙe littafin waƙa daidai. Ban gama ba ta labari ba ta dafe ƙirji.

"Ƙwai ya tashi? Kin gani da idonki?"

"Da idona."

"Allura fa?"

"Ta yi tsalle."

"Yesu! Haka suke farawa. Ba ki ji yadda ake jan yara cikin ƙungiyar asiri a makarantu yanzu ba? Wasu da biskit, wasu da alewa. Wannan alamomin da take ja a littafi, kin san ko sunayen mutane ne?"

"Amma Bitrus ɗan Hannatu ne fa."

"Ba ya je karatu Zariya ba? Kin san abin da ya ci a can?"

Ban sani ba kam. Na so in kai maganar wurin Fasto, Saratu ta ce a'a, idan aka yi hayaniya za su ɓoye. Gara mu karya abin a ɓoye, sa'an nan ranar taro a ga ikon Ubangiji a fili. Ta kawo ruwan rijiyarta a bokiti, muka yi addu'a a kansa har muryata ta dishe. Ni dai ko a lokacin raina bai kwanta ba. Yarinyar tana cin abinci, tana zuwa kwayar mawaƙa a majami'a, ba ta firgita, ba ta yi min rashin kunya. Amma da na tuna allurar nan sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Ranar Alhamis da safe Godiya ta shirya kayanta a jakar buhu, ta shiga wanka. Na buɗe jakar. Na zubar da ruwan gorunan nan biyu a bayan gida, ina kauda fuska don kada ya fantsar min, na ɗauraye su, na cika da ruwan addu'a. Ƙarfen kuwa na kama shi da ganyen ayaba, na je na wurga shi a tsohuwar rijiyar da muka daina sha tun da aka haƙa burtsatse. Na samo baƙin dutse mai tsawonsa na naɗe a tsumman. Kafin ta fito na koma ina hura wuta. Har na ƙara mata gwate a kwanon karin kumallo, don tausayi.

Na sa zanen Zumunta, Saratu ma haka. Muka zauna a bencin gaba. Ajin ya cika, iyaye har bakin taga. Yara uku suka riga ta. Wani ya tsoma cokalin ƙarfe da na katako a ruwan zafi ya ce a taɓa, wata ta narkar da sukari a kofi ta kasa narkar da yashi. Wannan bai dame ni ba, kowa ya san yashi ba ya narkewa, na ma yi mamakin a ce don wannan ake ɗinka wa yara yunifom. Sai aka kira Godiya.

Ta gaida mutane da Turanci, ta gaida su da Hausa. Ta zuba ruwa a kofuna biyu. Ta saka ƙwai a na farko, ya nutse. Ta ce, "Yanzu ku duba da kyau." Ta saka a na biyu.

Ya nutse. Har da ɗan ƙara, ƙwas, a gindin kofi.

Saratu ta matse min hannu. Godiya ta ciro ƙwan ta sake sakawa. Ya nutse. Ta sauya kofunan, ko ta rikita su ne. Ya nutse. Ta ɗauko ƙwai na biyu, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Yara suka fara ƙus-ƙus. Malam Bitrus ya ce a hankali, "Ba komai, wuce na gaba." Ta kwance tsumma, ta ɗaga abin da ke ciki sama kafin ta duba. Dutse. Baƙin dutsen bayan gidanmu, har da ƙasa a jikinsa.

Ajin ya fashe da dariya. Firinsifal ya dubi Bitrus, Bitrus ya dubi Godiya, ya ce, "Ina maganaɗisun makaranta?" Sai ta fashe da kuka.

Nan ne na miƙe.

"Halleluya!"

Saratu ta amsa, "Amin!" Ita kaɗai.

Na juya na fuskanci iyaye, yadda nake yi in zan ba da shaida a majami'a. Na ce, "Ku gode wa Allah tare da ni! Ni na yi. Ni na zubar da ruwansu na sa na addu'a, ga shi kun gani, ƙwai ya ƙi tashi!" Sa'an nan na nuna malamin da yatsa. "Kai kuma Bitrus, ban yi zaton haka daga gare ka ba. Ni na yanke maka cibiya. Uwarka mace ce mai tsoron Allah. Ka rasa yaran da za ka ja sai tawa?"

Ajin ya yi tsit. Na ɗauka tsoron Allah ne ya sauko.

Bitrus ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya ce, "Mama, ruwan da kika zubar, kin ɗanɗana?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe!"

"Gishirinki bai ragu ba kwanan nan?"

Na ce ya ragu, kuma wannan ma yana cikin maganar da za mu yi. Sai ya aika wurin mai sayar da ƙosai a bakin makaranta aka karɓo gishiri a leda da cokali. Ya ce, "Mama, zo. Ni ba zan taɓa ba, Godiya ba za ta taɓa ba. Ruwan addu'arku ne a kofin nan, ko? To ki zuba da hannunki ki juya."

Na je, don ba na gudun kowa. Na zuba cokali ɗaya na juya. Ƙwai yana kwance. Na dubi jama'a. Na zuba na biyu, na uku. A na huɗu sai ya motsa, ya ɗaga kai ɗaya kamar mai jin kira. Na ce a raina, a'a. A na shida ya rabu da gindin kofi, ya taso a hankali, a hankali, ya zo ya tsaya a saman ruwa, daidai ƙarƙashin hancina. Cokali yana hannuna. Ba wanda ke kusa da tebur sai ni.

Daga can baya wani tsoho, wanda na taɓa kora daga bikin 'yata saboda ya sha burkutu, ya ce, "Af! Ashe Mama ce shugabar ƙungiyar!"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Mata suna riƙe ciki, na bakin taga suna ba na bayansu labari. Na waiwaya neman Saratu, sai na ga ta buɗe littafin waƙa tana dubawa kamar yau ta fara ganinsa. Bitrus yana ta bayani, wai gishiri ya narke ya shige cikin ruwa, ruwan ya ƙara nauyi, ya fi ƙwan, shi ya sa ya ɗaga shi. Ya ce, "Mama, ba ke ce ke rege acca ba? Yashi ya kwanta, ƙaiƙayi ya taso? Duk abu ɗaya ne." Na so in ce ba ɗaya ba ne, acca acca ce. Kuma har ga Allah kaina ya ƙara kullewa: ruwa ya fi ƙwai nauyi? Ruwan da nake sha?

Sai ya rage murya. "Mama, maganaɗisun fa?"

Na ce, "Yana rijiya."

Ban san yadda aka yi maganar ta kai bencin baya ba, amma ta kai.

Bayan an watse Bitrus ya same mu a ƙarƙashin mangwaro. Ya ce laifin ba na yarinya ba ne, firinsifal ya yarda ta sake gwadawa gobe da safe kafin a rufe sunaye. Amma sai da maganaɗisu, don rabin aikinta a kansa yake, kuma babu wani. In babu, sai a ba yaron nan mai cokula gurbinta. Godiya ba ta dube ni ba. Muka taho gida tana gaba ina baya, ni da ban taɓa bin bayan yaro ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta da yunifom.

Na tsaya a bakin tsohuwar rijiya ina leƙe. Ba ta da zurfi sosai, amma ƙasanta laka ce da ganye, ba kuma wanda zan ce ya shiga, bakinta ya fara zubewa. Na zura guga sau biyar, laka kawai da kwaɗo ɗaya. Sai wani tunani ya zo min: abin nan in yana kama ƙarfe, ai ƙarfe ma zai kama shi. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ɗauko murfin babbar tukunyata ta dalma, na ɗaura da igiya na zura, ina ja ina saki, ina zagaya rijiya. Kafin wani lokaci maƙwabta sun taru a bakin danga. Ba wanda ya ce uffan, sai "Sannu da aiki, Mama," da wata irin murya. Na ciro murfi ba komai. Na mayar. Rana ta karkata, bayana ya ƙage, zanen Zumunta ya zama na laka.

"Ba ya kama dalma."

Na waiwaya. Godiya ce, idanu a kumbure. Maganarta ta farko da ni ke nan tun a makaranta.

Na ce, "Ba ƙarfe ba ne?"

"Ba kowane ƙarfe yake kamawa ba."

Na buɗe baki zan ce "Hmm." Sai na haɗiye shi. Na ce, a gaban maƙwabta, "Ban gane ba. Wanne yake kamawa?"

Ta shiga rumbu ta fito da tsohuwar fartanyata, ta buge ƙotar ta ciro ƙarfen, ta ɗaura a igiya. Muka riƙe tare. Ta ce in bar shi ya kwanta a laka, in ja a hankali. Mun yi ta yi har kaji suka fara neman wurin kwana. Can na ji wani ɗan ƙas a igiyar, kamar kifi ya taɓa ƙugiya. Muka jawo. Ga shi nan manne da bakin fartanya, baƙi ƙirin da laka, ja da shuɗin suna leƙowa. Maƙwabta suka yi tafi. Wata ta ce, "Halleluya!" Na san da ni take, na yi kamar ban ji ba.

Da safe ni na ba ta gishiri da hannuna, na ba ta sababbin ƙwai biyu. Na ɗauko ɗankwali, sai ta ce, "Kaka, ki huta." Bitrus ma ashe ya aiko da saƙo cewa kada in wahalar da kaina. Na gane. Na zauna a bakin ƙofa, ban je gona ba, ban iya cin komai ba, ina kallon hanya. Da azahar na hango ta daga nesa. Jaka a ka, tana gudu, takalmi ɗaya a hannu. Ban jira ta faɗa ba.

Ta je Kaduna. Da za a tafi, ita ta riƙe jakarta har cikin mota, ko taɓawa ba ta bari na yi ba, kuma ban yi gardama ba.

Gaskiya har yau ban gane ba. An ce ƙaramar allura tana nutsewa, gungumen ice yana tashi, kuma wai ba girma ake dubawa ba. To me ake dubawa? Ta faɗa min sau uku, na gyaɗa kai sau uku. Abin da dai na koya shi ne, ba duk abin da ya fi ƙarfin kaina ne na Shaiɗan ba. Wani na makaranta ne kawai, har jarrabawa ake yi a kansa. Kuma kunyar tambaya a bayan rumbu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kunyar cikin aji.

Makon jiya ta shigo da wayar jan ƙarfe da lemun tsami huɗu da wani ɗan mitsitsin ƙwan fitila. Na ce, "Wannan kuma fa?" Ta ce wuta za ta kawo daga cikin lemun. Na ce ta sake faɗa da Hausa. Ta ce ai da Hausa ta faɗa. Na ce to, madalla, Allah ya taimaka. Na ɗauki kujerata na koma kusa da ƙofar fita.